Baturen Inna a Ɗakin Raghad

Duk Bahausar da aka kai ɗakin miji a unguwar Nuzla ta Jidda cikin shekarun nan, da wuya ba ta shiga da ƙamshin hannun Lubabatu ba. Ita ce mai haɗa turaren wuta da humra a hawa na biyu na wani tsohon bene da fentinsa ya gaji da zafin Jidda ya fara zubewa. Luba ake ce mata. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi duhu saboda suyar itacen sandal da sukari, kuma ba ta da yawan magana sai in an taya kayanta tayin wulaƙanci. Nan kam za ka ji Hausa da Larabci suna fitowa tare, ba wanda ke jiran wani.

A Jidda aka haife ta. Nijar ba ta taɓa ganinta ba sai a rubuce a kan iƙamarta, takardar izinin zama. Mijinta Saleh ɗan ƙasa ne, direban babbar mota a tashar jiragen ruwa, ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Raghad. Yarinyar ta gaji takardun ubanta da tsawonsa, ta shiga jami'a tana karanta Turanci. Duk matar da ta zo sayen turare sai an ba ta wannan labari kyauta, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Da Larabci Raghad take magana. Hausa tana jin ta sarai, amma in za ta mayar sai ta riƙa ɗingishi.

Akwai haɗin turare guda da Luba ba ta yi, ko nawa za a ba ta. Ta san sirrinsa, tun tana ƙarama ta ga ana yin sa, amma ko ƙamshin da ya yi kama da shi ta ji a hanya sai ta sauya lungu. Na mahaifiyarta ne.

Inna Hajara daga ƙasar Arewa ta Nijar ta fito, can wajen Dogon Dutsi. Tana yarinya iyayenta suka kamo hanyar Makka a ƙasa, suna tsayawa noma da ƙwadago a Cadi da Sudan, har suka haye teku a jirgin katako. Ta iso da buta da tabarma da kuma wani abu da ba a gani, iskar gado, wanda mata suke kira Bature. A Jidda ba halin goge, don haka sai a rufe ƙofa da taga, a kifa ƙwarya a lulluɓe ta da zane don kada sautin ya fita, a sa turaren nan, Inna ta fara rera waƙarsa. Can sai ta miƙe ƙiƙam. Tana taka ƙasa da ƙarfi kamar soja, tana kai da komowa, muryarta ta koma ta namiji, tana zuba wani Turanci da ba Turanci ba. In ya tafi sai ta yi atishawa ta nemi ruwa, ko kalma ɗaya ba ta tunawa. Luba tana raɓe a bayan ƙofa tana kallo, fitsari na neman kufce mata.

Matan da suke zuwa a ɓoye neman haihuwa da neman lafiya, su ne dai suka fara cewa ba su san ta ba ranar da wani maƙwabci ya kai ƙara. Luba tana amarya a lokacin. Ta zo gida ta tarar da ƙofa a buɗe, tukunya a kan wuta, ba Inna. Aka mayar da tsohuwa ƙasar da ta bari tun ba ta fara ɗaura zane ba, ta rasu a ƙauyen da ba wanda ya san ta. Wani alhaji ne ya kawo labarin, a tsaye ma ya faɗa don yana sauri.

Tun daga nan Luba take tsoron abu biyu: iskar gado da kunnen maƙwabci. Ta riƙe salla da azkar, ta raba kanta da duk wata ƙawar Inna. Abu ɗaya ne ta kasa rabuwa da shi, wani tsohon kaset. Yayanta Isha'aku ne ya ɗauka lokacin da ya sayi rikoda yana saurayi, yana ɗaukar duk abin da ya motsa a gidan. A ciki Inna tana daka tana rera waƙar nan a hankali, ita kaɗai, ba Bature ba kowa. Can sai ta katse ta ɗaga murya: "Luba! Tukunyar nan za ta ƙone!" Sai dariyarta. Ba hoton Inna ko ɗaya a duniya, wannan kaset shi ke nan abin da ya rage. Luba ta naɗe shi a tsumma ta sa a gwangwanin madara, ta tura ƙarƙashin buhun sandal. Ba ta saurarensa, ba ta kuma iya yar da shi.

Wata rana bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da unguwa kaf, tana zaune tana tankaɗe garin turare sai ta ji murya daga ɗakin Raghad. Da farko ta ɗauka waya take yi. Ai ta san Turanci in ta ji shi, ko da ba ta fahimta: ta ji na talabijin, ta ji na ma'aikatan asibiti, ta ji na 'yan Najeriya masu zuwa sari. Wannan daban ne. Yana da nauyi, daga maƙogwaro yake fitowa, yana tafiya da bugu kamar daka. A tsakiyar kowane layi sai a ɗan tsaya, kamar mai tsallake kwata, sannan a ci gaba. Rariyar ta suɓuce daga hannunta.

Ta lallaɓa ta leƙa ta kafar ƙofa. Raghad tana kai da komowa tsakanin gado da taga, ido a rufe, gashi a barbaje har kafaɗa, tana dukan cinyarta da tafin hannu daidai da bugun maganar. Ta yi ƙasa da muryarta har ta zama kamar ta namiji. Luba ta ji sanyi ya taso mata daga tafin ƙafa. Yarinyar da take bayan ƙofa shekaru arba'in da suka wuce, ita ce dai a tsaye a nan, sai dai yanzu wadda ke cikin ɗakin 'yarta ce.

Mai hankali zai ce me ya hana ta tura ƙofa ta tambaya. Wanda bai tashi a gidan Inna ba ne zai faɗi haka. Ba a katse mai iska, ba a kuma ambaton sunansa a gaban wadda ya fara bi, don ambaton kira ne. Saboda haka sai da suka zauna cin abinci ta ce, tana kallon kwano, "Me kika yi da ranar nan?"

"Wala shai, Ummi. Ba komai. Karatu."

"Karatu kawai?"

"Aiwa. Ikhtibar ya matso."

Jarrabawa ta matso, in ji ta, tana ta cin shinkafarta hankali kwance. Luba ta tsame hannunta daga kwanon. Haka Inna take cewa in ta farfaɗo: ba komai, me ya faru?

Kashegari da Raghad ta tafi jami'a, Luba ta shiga ɗakin da sunan shara. A jikin madubi ta ga 'yan takardu an manna, da wasu haruffa da ba na Larabci ba, ba kuma irin na boko da ta saba gani a allon shaguna ba. Wani kamar tuta a kan sanda, wani kamar an soke shi da tsinke. Ta taɓa ganin masu kama da su a hatimin da ake naɗewa cikin laya. Ba ta taɓa su ba. Ta fita da baya da baya tana neman tsari.

Ba abin da ba ta yi ba a makonnin da suka biyo. Ta tofa ayoyi a ruwan Zamzam ta zuba a gorar da yarinyar ke tafiya da ita. Ta ɗiga man habbatus sauda a miya har Raghad ta fara yamutsa fuska. Ta kunna Suratul Baƙara tun safe, ta turare ɗakin da luban zalla. Ta yi tunanin kai ta wajen mai ruƙya, amma mai ruƙya zai yi tambaya, kuma tambaya ta biyu za ta kai ga Inna. Wa za ta faɗa wa? Isha'aku yana unguwar Mahjar, amma duk abin da ya ji matarsa ta ji, abin da matarsa ta ji kuwa ya isa har unguwar Kurayyat kafin magariba.

Ga kuma bango. Bangon gidan nan tari ma yana wucewa ta cikinsa. Duk sanda muryar ta tashi, Luba sai ta ƙure na'urar sanyaya ɗaki, ta kunna injin niƙa ba komai a cikinsa, ta yi ta buga tukwane. Wata maƙwabciya ta tare ta a matakala ta ce, "Masha Allah, Raghad waƙa take koyo ne?" Luba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta shiga gida ta jingina da ƙofa. Ta rame. Turaren wata amarya ya ƙone mata a kasko, abin da bai taɓa faruwa ba. Ita ba korar kanta take tsoro ba, ko da yake tana tuna iƙamar nan kullum. Tsoronta kada wata rana ta kalli idon Raghad ta ga wani ne yake kallonta.

Tana cikin sujada ne abin ya faɗo mata a rai. Ta ina Baturen ya shigo? Ta rufe kowace ƙofa, ta bar turarensa, ta bar mutanensa. Amma waƙarsa tana nan cikin gidan, a ƙarƙashin buhun sandal, shekara da shekaru, taku kaɗan daga inda yarinyar take kwana. Ita da kanta ta ajiye masa wurin zama.

Da hantsi ta ɗauki kasko da gawayi da gwangwanin ta hau rufin bene, inda ake shanya. Ta kwance tsumman. Kaset ɗin ya yi ja saboda tsufa, ga rubutun Isha'aku na ƙuruciya a jikinsa. Ta so ta ji shi sau ɗaya, ko wurin dariyar nan kawai, amma ina rikoda a zamanin nan, kuma ko da akwai ba za ta yarda waƙar ta sake tashi a gidanta ba. Ta riƙe shi a ƙirji har gawayin ya kama sosai.

"Inna, ki yafe mini," ta ce. "'Yata ce."

Robar ta lanƙwashe, zaren ciki ya tattare ya yi baƙi. Matar da ta yi rayuwarta cikin ƙamshi ta tsaya a kan wannan wari har ya ƙare, tana kuka ba sauti don kada masu shanya su ji. Ta kwashe tokar ta zuba a kwata, ta sauko da zuciya mai nauyi amma da ɗan sauƙi. Ta biya abin da ya fi komai tsada a wurinta, ai kuwa dole a sakar mata yarinya.

Washegari bayan azahar muryar ta tashi, har ta fi ta kullum ƙarfi.

Luba ba ta san sanda ta isa ƙofar ba. Ta banke ta, ta watsa wa Raghad ruwan Zamzam a fuska, ta rungume ta ta baya da ƙarfin mai juya kasko, tana karanta Ayatul Kursiyyu da muryar da ta tsage. Ta manta da bango, ta manta da maƙwabta. Ta yi abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba, ta yi masa magana kai tsaye: "Ka sakar mini ita! Ka raba ni da uwata, bai ishe ka ba? Ga ni, ni ce 'yar Hajara, ni za ka hau! Ita ba ta san ka ba, ko Hausa ba ta iya ba!"

"Ummi! Ummi, bismillah alaiki, esh fi? Mene ne?"

Raghad ta fizge ta juyo, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Ta sa hannu cikin gashinta ta zaro wasu 'yan fararen abubuwan sauraro daga kunnuwanta. Wata siririyar murya tana fita daga cikinsu, muryar mace, tana yin maganar nan mai bugu.

"Daktora ce, malamarmu. Ita take karantawa, ni ina bi. Dole mu haddace, mu tsaya gaban aji mu faɗa. Wallahi Ummi, Ingilizi ne."

"Ƙarya ne. Na san Turanci."

"Na da ne. Ƙadim marra, tsoho ƙwarai. Su kansu Ingilizawa yau ba sa jin sa sai sun koya."

Ta zaunar da uwar a bakin gado, ta buɗe kwamfuta, tana bayani rabi da Larabci rabi da gurguwar Hausarta. Mutanen nan, in ji ta, su ma hayewa teku suka yi suka zauna a wani tsibiri, fiye da shekara dubu da ta wuce. Ba su rubuta waƙa, a ka suke riƙe ta. Mawaƙi yana tsayawa a zauren sarki da wani abin kiɗa mai tsirkiya, yana waƙar yaƙi da teku da wanda ya rasa gida. Ba a ƙarshen layi suke daidaita sauti ba, a farkon kalmomi ne, shi ya sa take dukan cinya don kada bugun ya kufce mata. Daga baya da suka shiga addinin Kirista, malaman coci suka rubuta kaɗan a kan fata, da haruffan nan da ke jikin madubi. Sannan masu jin Faransanci suka ci ƙasar da yaƙi, Turanci ya koma harshen madafa da gona na tsawon zamani. Da ya sake fitowa cikin littattafai ya riga ya sauya kama, ana ba da labaran mahaya dawaki da na matafiya ziyarar ibada, wannan kuma shi za su karanta zango mai zuwa.

Luba ba ta kama rabin bayanin ba. Idon yarinyar take kallo, kuma Raghad ce a ciki, ita kaɗai. Sai dariya ta ƙwace mata, dariya mai haɗe da kuka, ta kama kunnen 'yar ta murɗa. "Shi ne ba za ki iya karatunki a zaune kamar 'yar mutane ba? Kin kusa kashe ni!"

"Ke ce kika yi mini wanka da Zamzam!" Raghad tana share fuska tana dariya. Sannan ta juyo da kwamfutar. "Shufi, duba wannan."

Hoton wata tsohuwar fata ce mai rubutu, gefenta baƙi, a cinye kamar ɓera ya bi ta.

"Wuta ce ta ci. Yawancin waƙoƙinsu sun ɓace, Ummi, ba wanda zai sake jin su har abada. Wasu kwafi ɗaya tak ya rage a duniya. Inda wuta ta cinye, sai masana su bar wurin fili, ba sa ƙirƙiro komai su cika." Ta gyara zama, idonta na ƙyalli. "Daktora ta ce kowacce ta kawo waƙar baka daga gidansu mu gwada da wannan. Khali Isha'aku ya ce akwai kaset na Sitti, kakata, a wurinki, tana waƙa. Akwai mai shago a kasuwar Balad da yake mayar da kaset cikin waya. Ban taɓa jin muryarta ba, Ummi. Fen huwa? Yana ina?"

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri. Luba ta dubi tafin hannunta, inda gawayin jiya ya bar mata ɗan tabo.

"Na ƙone shi jiya."

Ta faɗa mata duka, tun daga ƙwaryar da ake lulluɓewa har tukunyar da aka bari a kan wuta. Raghad ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Hawaye suka riƙa bin inda ruwan Zamzam ya bi. Can ta ce a hankali, da Hausa tsantsa, tana lallaɓa kowace kalma, "Amma ke kin iya waƙar."

Ta iya mana. Shekara arba'in tana danne ta, tana tsoron kada ta suɓuce mata a bakin murhu. Kuma har yanzu tsoron yana nan, bayanin jami'a bai taɓa shi ba ko kaɗan. Turancin Raghad na mutane ne, an ji, amma waƙar Inna kira ce, ta ga abin da take kirawowa da idonta. Sai dai in ta mutu da ita a ciki, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya, kuma ita ce ta kore ta karo na biyu.

"Nuna mini inda ake dannawa a waya a ɗauki murya," ta ce. "Sannan ki sa abaya ki tafi gidan kawunki. Kada ki dawo sai na kira ki."

"Ummi, ba abin da zai..."

"Yalla. Ba za a yi ta kina cikin gidan nan ba."

Da ta ji saukar yarinyar a matakala, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da zane kamar yadda ake yi a da. Ta yi alwala, ta karanta duk abin da ta sani na tsari. Ba ta sa turare ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta danna jan wurin, ta buɗe baki.

Muryar da ta fito ta tsorata ta, don ta Inna ce sak. Ta ci gaba, tana sauraren jikinta, tana jiran ƙafafunta su miƙe da kansu. Ba su miƙe ba. Baiti na bin baiti, har ta iso daidai inda Inna take katsewa ta kira sunanta saboda tukunya. Nan ta tsaya. Akwai sauran waƙa bayan wurin, ta tabbata akwai, ta sha jin ta daga bayan ƙofa. Ta koma baya ta sake tahowa da gudu ko za ta haye, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta lalubi kanta ko'ina, babu. Matan da suka san ta duk sun mutu ko an kore su, Isha'aku kuwa bai taɓa riƙe waƙa ba.

Raghad ta kai wa malamarta abin da aka ɗauka yadda yake, ba ta yanke komai ba. Akwai waƙa rabi, sannan dogon shiru, ba ka jin komai sai rurin na'ura da numfashin mace. Can ƙarshe sai muryar Luba, ƙasa-ƙasa, ba da waƙa ba: "Na'am, Inna. Ga ni nan zuwa."